Mu da Injiniyoyin Layinmu

A unguwarmu yaro ba ya zaɓar abin da zai karanta. Mu muke zaɓar masa, kuma tun yana aji uku na ƙaramar sakandare muke gama shawara. In Allah ya ba shi kan lissafi, magana ta ƙare, ajin kimiyya zai shiga. In ya ce shi tarihi yake so ko adabi, sai uban ya fara binciken wanda ya hure masa kunne. Uwar kuwa ta samu abin faɗa a gidan suna: "Ai nawa sayans yake yi." Maƙwabciya ta ce, "Masha Allah, Hajiya, kin haifi likita," tana murmushi, zuciyarta na kan nata da aka tura ajin kasuwanci.

Abin yana da asali. Tun 1977 da gwamnatin Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa aka riƙa tace yara da jarrabawa ana kai su can, kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a da yawa da muke taƙama da su yau, can suka ci gabzarsu. Daga nan muka haddace cewa kimiyya ita ce hanya. Zamani ya juya, haddarmu tana nan daram.

Sai a zo JAMB, kowa ya cike likitanci. Guraben ba su da yawa, masu nema kuwa ba iyaka, sai jami'a ta ce ga Kemistiri, ga Fizis, ga ilimin tsirrai, ga na ƙananan halittu. Mu kuma mu ce, "Karɓi, da babu gara ba daɗi, in ka shiga ka canza." Ba a canzawa. Shi ya sa in ka tambayi da yawa daga masu digirin kimiyya na layinmu dalilin da ya sa suka karanta abin da suka karanta, amsar guda ce: "Shi aka ba ni." Babu wanda ya zauna ya tambayi kansa wa ke ɗaukar masanin tsirrai aiki a garin nan.

Wanda ya samu injiniyanci shi ne ɗan gata. Shekara biyar ce a takarda, a aikace kuwa sai yadda ta kaya tsakanin ASUU da gwamnati: yajin aikin wata 9 a 2020, na wata 8 a 2022. Tun yana ajin farko muke ajiye sunan da aka raɗa masa, ya koma Injiniya, har a bakin kakarsa. Ranar da ya gama a yi walima, a yanka kaji, a ɗora hoto a Facebook, sai bautar ƙasa.

To, a nan abin dariyar yake, in dai dariya ce. Alawus ɗin bautar ƙasa ya daɗe a naira 19,800, ya koma 33,000 a 2020, ya kai 77,000 a 2025. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa kuma naira 70,000 aka tsayar a 2024, shi ma ba kowane mai ɗaukar aiki ya san da zamansa ba. Ga yaranmu da yawa, shekarar kakin nan ita ce shekarar da suka fi ganin kuɗi a ƙarshen wata. Ranar sallama za ka gan su suna jefa hula sama suna ihu, alhali rage musu albashi aka yi.

Akwai wani a bayan layinmu, Fizis ya karanta, sakamakonsa kuma ba na jin kunya ba ne. Yana koyarwa a wata makarantar kuɗi. Shi ne malamin Fizis, shi ne na lissafi, in malamin Kemistiri ya gudu ya samu wani abin yi, shi ne na Kemistiri har a samo wani. Albashi dubu 40. In ya makara da minti goma a zaftare ɗari biyar. Dogon hutu babu ko sisi, don mai makarantar ta ce ita ma iyaye ba sa biyan ta kuɗin hutu. Ran nan a teburin mai shayi ya ciro biro ya yi mana lissafi a bayan takardar da aka naɗe masa burodi: kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa, wanda ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023, da na data, da abin da yake ba mahaifiyarsa na cefane. Bai kai layi na huɗu ba albashin ya ƙare. Mai shayi ya leƙo ya dubi takardar ya ce, "Malam, ba ka sa nawa ba." Muka yi dariya har da buga tebur. Kuma mu ɗin nan masu dariya, mu ne iyayen da in aka ƙara dubu 2 a kuɗin zango muke tafiya ofishin shugabar makaranta da faɗa.

Dattijon majalisarmu ya yi ƙuruciyarsa a masaƙun Kakuri a Kaduna, kuma ba ya gajiya da labarin da. In ya fara sai ya jero su: masaƙar KTL tun 1957, UNTL a 1964, kamfanin haɗa motar Peugeot a 1975, matatar mai a 1980. Ya leƙa Bauchi ya ambaci Steyr, ya leƙa Katsina ya ambaci kamfanin mulmula ƙarfe, ya dawo Kano ya zagaya Bompai da Sharaɗa da Chalawa. "A zamaninmu, 'ya'yana, injiniya bai ajiye biron jarrabawa ba ake zuwa Samaru zawarcinsa. Ga gida, ga rancen mota." Mukan ce, "Baba, ka taɓa faɗa mana." Ya ce, "Zan kuma sake." Abin da ya biyo baya kowa ya sani. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007. Ajaokuta da aka fara tun 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyet har yau ba ta narka ƙarfen da aka gina ta dominsa ba. Wutar da duk ƙasar ke rabawa ba ta cika wuce megawat dubu 4 zuwa 5 ba, mai masana'antar da ya rage da rai kuma kuɗin da zai ɗauki injiniya uku da su ya ƙone su a dizal. Jami'o'i dai ba su fasa ba, kowace shekara suna yaye masana ƙarfe da masana saƙa. Mu da muke kukan an kashe masaƙu, mu ne a Kantin Kwari muna taya atamfar Sin don ta fi sauƙi. Shaddar jikin Baba ma ba a Kakuri aka saƙa ta ba, amma ba mai iya faɗa masa.

Sannan mu aiki a wurinmu sunansa NNPC, ko Babban Banki, ko Kwastan, ko hukumar tara haraji. Duk abin da bai kai wannan ba, yaro "yana ɗan taɓawa ne kafin ya samu aiki." Ko da shago gare shi da yara uku a ƙarƙashinsa, a bakin uwarsa bai samu aiki ba tukuna. Sai uba ya ɗauki takardu a ambulan, yau gidan ɗan majalisa, gobe sallar asuba a masallacin unguwar wani darakta, ko Allah zai sa a gaisa. Sanarwar ɗaukar aiki ta fito, a ce kada shekarun mai nema su wuce 26 ko 28, kuma ana son mai gogewa. Yaron da yajin aiki ya cinye wa shekara biyu, zaman jira ya cinye uku, sai kotu, a yi takardar rantsuwar shekaru. A layinmu akwai wanda a takarda ƙaninsa ya girme shi. Ga kuma dillalan gurbi, waɗanda ake sayar da gona a kai musu kuɗi, wani a dace, wani a ba shi takardar kama aiki da babu ofishin da ya san da ita.

Cunkoson ba na yau ba ne. A 2012 kamfanin Ɗangote ya nemi direbobin manyan motoci, mutum kusan dubu 13 suka nema, cikinsu har da masu digirin digirgir 6 da masu digiri na biyu sama da 700. A 2014 aka tara masu neman aikin hukumar shige da fice a filayen wasa, aka rasa rayuka a turmutsutsu. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 rashin aiki ya haura kashi 33 cikin ɗari. A 2023 ta sauya ma'auni, ta ce duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako don samun kuɗi mai aiki ne, sai adadin ya faɗo kusan kashi 4. Da labarin ya iso majalisa muka tashi muka yi musabaha, muna taya juna murna. Ashe duk ma'aikata ne mu, har da mai taya mai shayi fifita wuta, in dai an miƙa masa ɗari biyu.

Amma a bar gwamnati ta sha ruwa, tana shan rabonta kullum a gidajen rediyo. Mu fa?

Alhajin layinmu ya tashi ɗora bene. Ya kira birkilansa, suka tsaya a fili, aka zana ɗakuna a ƙasa da tsinke, aka fara aiki. Sai ana gobe za a zuba dakin aka tuna akwai wanda ya karanta injiniyancin gine-gine gida uku tsakani. Aka aika yaro ya kira shi. "Injiniya, zo ka ɗan duba mana." Ya hau tsani ya duba. Ya ga rodi mai milimita 12 a inda ya kamata a sa mai 16. Ya ga an buɗa tazarar rodin don ya isa. Ya ga inda za a tayar da ginshiƙin sama bai hau kan na ƙasa ba. Ya tambayi lebura kwanon sarki nawa na yashi suke zuba wa buhun siminti guda, da ya ji amsa sai ya sauko ya ce, "Alhaji, don Allah a dakata." Birkila ya tuntsire da dariya. "Alhaji, ina wannan aikin tun ba a haifi yaron nan ba. Su ai Turanci ne." Alhaji ya yi shiru yana lissafin kuɗin ƙarin rodi a zuci, sannan ya ce, "To Injiniya, mun gode, Allah ya yi albarka. Ka gai da baban naka." Washegari aka zuba dakin yadda yake. Ladan awa biyu a kan tsani cikin rana: addu'a da ruwan leda guda. Da kuwa ya kuskura ya ce a biya shi, kafin magariba ƙara ta isa gidansu.

Haka muke yi a komai. Za mu haƙa rijiyar burtsatse, ga wanda ya karanta ilimin ƙasa da duwatsu zaune a majalisa, zai iya auna mana inda ruwa yake, amma kuɗin awon ya yi mana yawa, sai mu bar mai injin haƙa ya dubi ta maƙwabci ya ce nan ma akwai. In aka nutsa ba a samu ba, haka Allah ya so. Gona kuwa mai shagon magani a kasuwa shi ne masaninmu, shi zai faɗi abin da za a fesa bai ga ganyen ba. Wayar wutar gida a ba wanda ya fi araha, ya sa siririya, a ɗora mata firji da dutsen guga da hita. In bene ya rufta, kamar wanda ya rufta a Titin Beirut a Kano a 2022, sai mu yi kwana uku muna tambayar ina injiniyoyi suke, a rana ta huɗu mu koma wurin birkila. Hukumar COREN mai yi wa injiniyoyi rajista tana nan tun 1970. A duk layinmu ban san mai ginin da ya taɓa tambayar hatiminta ba.

Ni a ganina dalilin shi ne, likita muna biyan sa don ciwo ba ya bari a yi ciniki. Injiniya kuwa hajarsa abin da bai faru ba ne: bangon da bai tsage ba, gobarar da ba ta tashi ba, rijiyar da ba a haƙa a banza ba. Mu kuma hannunmu ba ya shiga aljihu a kan abin da ido bai gani ba. Mun kashe kuɗi shekara da shekaru mun koya wa yaro abu, ya dawo da shi, mu ne kasuwarsa ta farko, mun ce kyauta muke so. Sannan da yamma mu zauna muna jajanta yadda ƙasar nan ba ta daraja ilimi.

Birkila ma dai yana da tasa gaskiyar, kada a zalunce shi. Akwai masu kwalin injiniyan lantarki da in ka miƙa musu testa sai sun juya ta sun ga ta ina ake riƙewa. Kayan ɗakin gwaji a makarantu da yawa sun girmi malaman da ke koyarwa da su. Wata shidan da ake tura ɗalibi koyon aiki a masana'anta, wani a aiken sayo abinci da yin fotokofi yake ƙare shi, littafin rahoton kuma a cike shi dare ɗaya. Yaron Panteka a Kaduna da bai gama sakandare ba zai ƙera maka injin niƙa ko na casar shinkafa da ido da guduma. Shi ya sa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta jawo masu sana'ar Panteka don a ba ƙwarewarsu takardar shaida, na ga abin ya yi ma'ana. Da Farfesa Isa Ali Pantami ya fitar da littafinsa kan fifita ƙwarewa a kan kwali kawai, majalisarmu ta rabu biyu, aka yi mako ana musu. Wanda ya fi kowa ɗaga murya cewa sana'a ta fi digiri, 'ya'yansa uku suna jami'a, kuma ko ɗaya bai taɓa turawa gareji ba.

Waɗanda na ga suna ɗan numfashi su ne waɗanda suka haɗa karatun da dattin hannu. Wani da ya karanta lantarki ya bi wani ubangida shekara guda yana ɗaukar masa tsani, yanzu shi ke haɗa sola a unguwa. Bambancinsa da masu yi da ka shi ne, kafin ya faɗi kuɗi sai ya zagaya gidan ya ƙirga fanka da ƙwai da firji, ya lissafa awa nawa za su yi, sannan ya faɗi girman inbata da yawan batir. Nasa ba ya mutuwa ƙarfe biyun dare, shi ya sa ake nemansa. Wasu suna kula da injina a kamfanonin casar shinkafa, wasu suna gyaran waya a Farm Centre, irin gyaran da sai an karanta zanen cikinta. Akwai aiki a kamfanonin siminti na Kalambaina a Sakkwato da Ashaka a Gombe da Obajana a Kogi, akwai a matatar Ɗangote da ke Lekki. Sai dai mu ba ma son nisa. Tun a bautar ƙasa, in aka tura yaro Fatakwal ko Warri, inda kamfanonin mai suke, kafin ya gama sansani mun samo takardar asibiti an dawo da shi gida. Bayan shekara biyar kuma mu ce an mamaye harkar mai ba a sa namu.

Akwai kuma na cikin ɗaki. Wani yaro a layinmu yana rubuta wa wani kamfani na waje manhaja, ana biyan sa da dala. Tun da dala ta haura naira 1,500 a 2024, ko dala 500 yake karɓa a wata ya wuce manyan ma'aikatan gwamnati da yawa. Amma da ya je neman aure aka turo bincike, masu binciken suka tambayi maƙwabta inda yake aiki, aka ce ai kullum yana ɗaki da kwamfuta, dare yake yi yana magana da Turawa. Maganar ta kusa lalacewa, don an ce ƙila ɗan yahu ne. Sai da limamin masallacinmu ya sa baki. Abin mamaki, a daidai lokacin rabin majalisar tana latsa waya tana mainin ɗin Pi da Hamster, har da dattawa masu jikoki, ana jiran ranar fashewa. Wannan bai zama abin zargi ba.

'Yan matan kuwa nasu ya fi sauƙin faɗa, ya fi wuyar ji. Mu ne muka tura ta kimiyya don tana da ƙoƙari, ta kuma doke mazan ajin. In aikin ya zo a masana'anta ne, ko akwai kwanan dare, ko a wani gari, sai mu ce bai dace da mace ba, ta nemi koyarwa kusa da gida. Kwalin ya shiga ƙasan akwati, ta koma cin-cin da kek da turaren wuta a WhatsApp. Wata da ta karanta Kemistiri tana haɗa sabulun ruwa da man shafawa, kuma nata ba ya ƙona hannu don ta san awo. Matan unguwa suna cewa Allah ya ba ta sa'ar hannu. Babu mai cewa karatun ne.

Yaran kuma suna da ido. Sun ga injiniyoyin da muka fi sani da suna. Rabi'u Musa Kwankwaso injiniyan ruwa ne a hukumar WRECA kafin siyasa, Abba Kabir Yusuf ma can ya fara. Babagana Zulum farfesan injiniyancin noma ne a Jami'ar Maiduguri kafin ya shiga siyasa. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa malamin Kemistiri ne. Ba don famfo ko ɗakin gwaji muka liƙa hotunansu ba. Jelani Aliyu na Sakkwato kuma sai da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka sannan muka ce namu ne. Da a layinmu ya tsaya yana zane-zanen motoci a takarda, da tuni an ce ya nemi abin yi.

Kwanan baya yaron nan da aka kira duba dakin ya buga 'yar takarda ya liƙa a ƙofar zaurensu: duba gini naira dubu 10, zane kuma a zo a yi magana. Unguwa ta ɗauka. Alhaji ya ce shi bai taɓa ganin rashin ta ido irin wannan ba, yaron da aka ci tuwon sunansa da shi. Wani ya ce boko ne ke sa girman kai. Baba ɗan Kakuri ya ce ai dubu 10 ma ya yi arha, aka yi masa caa. Daga ƙarshe aka yanke shawarar a tura kawun yaron ya ja masa kunne, tunda uban ba ya iya masa. Kawun ya shiga bayan la'asar, bai fito ba sai da aka kira magariba. Muka tare shi, "Malam, ya kuka yi? Zai cire takardar?" Ya gyara hula ya ce, "Takarda dai tana nan. Amma na ba shi labarin tsagewar bangon nan nawa na bayan gida, gobe zai zo. Ya yi mini ragi, dubu 7."